Rabin Rufin Gareji

Ranar da ruwa ya fara ɗigo mini a fuska ina kwance, na ɗauka hadari ne ya taso. Na tashi maigidana na ce ya kwaso tufafin da na shanya a waje. Ya fita, ya dawo yana dariya, ya ce sama garau take, ko gajimare babu. Muka kunna fitila muka ɗaga kai. Rufin ɗakinmu ya jiƙe sharkaf daga ciki, ruwa ya jeru ƙwaya-ƙwaya a bakin kowane layi na kwanon, yana jiran ya yi nauyi ya faɗo. Asuba ce, kuma wannan ne sanyinmu na farko a unguwar Safa ta Jidda.

Daga Damagaram muka zo, mu biyu, a kan iƙama, wato takardar izinin zama, ƙarƙashin mutum ɗaya da ya tsaya mana, wanda ake ce wa kafili. Maigidana direban gidansa ne, ni kuma ina aikin ciki, shara da wanki da taya uwargidan girki. Kafilinmu yana da gidan bene, shi da iyalinsa a sama, 'yan haya a ƙasa, a tsakar gidan kuma akwai garejin da aka rufa da kwano, wanda mutanen Jidda suke ce wa shinko. An raba garejin biyu da bangon bulo wanda bai kai rufi ba. Rabi na mota, rabi namu. Idan maigidana ya tayar da mota da safe, hayaƙin yakan tsallako ta saman bangon ya same ni ina ninke shimfiɗa.

A gidanmu na Damagaram soro ne, rufin ƙasa. Idan ya yi yoyo ka san damina ce, ka san inda za ka hau ka liƙe. Wannan kuwa rufi ne da babu huda ko ɗaya a jikinsa, amma yana zufa. Da rana zafi, iskar teku mai laima ta cika ɗakin, har gishiri yakan dunƙule a gwangwani. Gari na wayewa sai kwanon ya yi sanyi, ya fara zubo mana da abin da ya tara. Kuma ba farin ruwa ba ne. Ƙarafan da suka riƙe rufin sun yi tsatsa, saboda haka duk ɗigon da ya biyo ta kansu ja yake saukowa. Ya ɓata mini zanen gado, ya ɓata atamfofin da na zo da su, ya ɓata farar rigar da maigidana yake sawa ya kai yaran kafili makaranta. Tsatsa ba ta jin sabulu. Na goga da lemun tsami da gishiri har yatsuna suka tsage.

Maigidana ya gaya wa kafili. Yana tsaye a bakin mota, ya sunkuyar da kai, ya kira shi baffa da Larabci don girmamawa, ya ce, "Ya ammi, ɗakinmu yana zubar da ruwa."

Kafili ya dubi sama ya ce, "Ruwa a Jidda? Yaushe aka yi ruwa?" Sannan ya ce bukra, wato gobe, in sha Allahu, ya shige mota. Wannan bukra ta cinye sanyin shekarar gaba ɗaya.

Na yi dabaruna. Na jera kwanoni da roba a inda ya fi ɗiga, sai ɗigon ya koma wani wuri. Na ja gado zuwa kusurwa, nan ma ya bi mu. Daga baya na samo babbar leda na ɗaure ta ƙarƙashin rufin da igiya a kusurwoyi huɗu. Kwanaki muka yi muna barci a bushe, ina ta yabon kaina. Ashe ruwan taruwa yake a tsakiyar ledar, tana ta yin ciki. Wata safiya maigidana ya miƙe tsaye zai sa riga, kansa ya taɓa ta, igiya ɗaya ta kwance. Duk abin da ta tara ta juye masa a ka, jan ruwa mai warin ƙarfe, lokacin da yara suna bakin ƙofa da jakunkunansu suna jiransa. Ran nan sai da rigarsa ta Juma'a ya fita. Shi dariya ya yi. Ni ban yi ba.

Da zafi ya dawo ɗigon ya tsaya, muka koma fama da rufin da yake gasa mu. Muka manta, kamar yadda mutum yake manta ciwon haƙori idan ya lafa.

A sanyi na biyu kafili ya sayi sabuwar mota, fara tas, doguwa. Shi da kansa ya shigo da ita gareji, bai bar maigidana ya taɓa sitiyarin ba sai bayan kwanaki. Ba a yi nisa ba, wata safiya ya sauko ya tarar da jajayen ɗigo a jere a saman motar, tun daga gilashin gaba har but. Ihun da ya yi sai da 'yan haya suka leƙo ta taga. Ya ce maigidana ba ya goge mota. Maigidana ya ce yana gogewa safe da yamma, ruwan daga rufi yake, irin wanda ya gaya masa bara.

Kafili ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi kwanon. Ya ce a kira ni, in zo da kofin ruwan sanyi daga firji.

Ba zan manta da wannan tsayuwar ba. Kafilinmu muhandis ne, injiniyan gine-gine, aikinsa ke nan tun kafin mu san shi. Ya karɓi kofin ya ɗora a kan bangon bulo, ya ce mu duba. Nan da nan bayan kofin ya jiƙe, ruwa ya fara gangarowa. Ya ce, "Kofin nan ya huje?" Muka ce a'a. Ya ce haka rufin yake. Iska mai ɗumi tana ɗauke da ruwa, idan ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke shi. Kwano yana hucewa kafin wayewar gari, iskar ciki kuma cike take da laimar teku, da numfashin mutane, da tururin girki, da jiƙaƙƙen wanki. Maganinsa biyu ne, in ji shi: a sa wa kwanon abin da zai raba shi da iskar ciki, wanda ake ce wa azil, a kuma buɗe wa iskar hanyar fita daga sama.

Ya yi bayanin a tsanake, dalla-dalla, har da zana hoto da yatsa a kan ƙurar bango. Na fahimci komai, duk da Larabcina bai nuna ba a lokacin. Abin da na fahimta fiye da komai kuwa shi ne, mutumin nan ya sani. Bara ma ya sani. Lokacin da ya dubi sama ya ce yaushe aka yi ruwa a Jidda, ya san abin da yake zuba a kanmu, ya san sunansa, ya san maganinsa.

Sannan ya juyo wurina ya ce, "Ke kina girki a ɗakin nan?"

Ina da ɗan risho. Abincin gidan muke ci, shinkafa kullum, amma ranar Juma'a nakan tuƙa mana tuwo in kaɗa miyar kuka, don mu ji mu mutane ne masu gari. Na ce ina yi, sau ɗaya a mako.

"Halas, magana ta ƙare," in ji shi. "Daga yau babu girki, babu shanya a ciki. Tururinku ne yake ɓata mini mota."

Na buɗe baki, maigidana ya taka mini ƙafa. Da muka shiga ɗaki na ce masa, "Malam, numfashin namu fa? Shi ma ya ce yana ciki. Mu daina?" Ya ce in yi haƙuri, iƙamarmu a hannunsa take, kuma tunda abin ya taɓa mota yanzu za a gyara rufin, mu ma mu huta. Ya ce Allah ne ya kawo mana motar nan.

Masu aiki suka zo da safe, da tsani da naɗaɗɗen azil, wani abu rawaya kamar auduga, bayansa yana ƙyalli. Na kai musu shayi da kaina, har da biskit, zuciyata fari ƙal. Na tattare kayan ɗakinmu na rufe da zane don kada ƙura ta ɓata su idan aka iso wajenmu. Ina sama ina wanke-wanke ina leƙowa ta taga, suna ta liƙa shi a ƙarƙashin kwano, suna matsowa. Suka huda bango ta gaban gareji suka sa ragar shan iska. Da la'asar na sauko, na tarar suna naɗe tsani. Azil ɗin ya zo daidai kan bangon da ya raba mu da mota, ya tsaya cak, kamar an yanka da wuƙa.

Na tambayi babbansu yaushe za su dawo su ƙarasa. Ya ce sun gama, iya nan aka ce su yi. Sannan ya nuna mini wani abu da ban lura da shi ba. Tazarar da ke tsakanin saman bango da rufi, wadda hayaƙi yake tsallakowa ta cikinta, sun toshe ta da allon katako, sun bi gefuna da gam. Muhandis ne ya ce a yi haka, don kada iskar ɗakinmu ta riƙa shiga wurin mota.

Wannan tazarar ita ce kaɗai hanyar da iska take fita daga ɗakinmu, ban da ƙofa. Tagarmu ƙarama ce, kuma ba ta buɗuwa. Tun daga ranar ɗigon ya ninka. Bango ya fara yin baƙi-baƙi a kusurwa, katifa ta ɗauki wari, tabarmar salla ba ta bushewa. A ɗaya gefen katakon kuwa mota tana kwana a bushe. Idan na shiga share garejin da safe, sai in ga ƙasa fes, rufi yana ƙyalli, in koma ɗakina in matse tsumma.

Shekarun nan azumi cikin sanyi yake faɗowa. A azumin wannan shekarar Inna, mahaifiyata, ta zo umra, zuwanta na farko kuma na ƙarshe. Ta sauka wurinmu, maigidana ya koma kwana wurin wansa a Khumra, can kudancin gari, inda wan yake dakon kaya a wani babban sito na firji da injin wanki. Na ba Inna gefen gado da ya fi dama, na rataya tawul a saman kanta. Da asuba ta farka ta shafa goshinta, ta dubi hannunta, ta dubi rufi. Ta ce, "'Yar nan, haka kuke kwana?" Na ce na ɗan lokaci ne. 

Inna ta zo da farin yadi tun daga gida, likkafaninta. Burinta ta wanke shi da zamzam ta koma da shi ta ajiye. Muka je Makka, ta yi umrarta, ta jiƙa yadin da hannunta, tana addu'a tana hawaye. Muka dawo da shi a leda bai gama bushewa ba. A tsakar gida ba a yarda mu yi shanya inda baƙi za su gani ba, a ɗaki kuma an hana, amma na ce wannan kam sai dai a kore ni. Na ɗaura igiya a gefen da na san bai cika ɗiga ba, na shanya shi, na hau sama yin sahur ɗin gidan. Na daɗe a can da wanke-wanke. Da na sauko gari ya waye, Inna tana zaune a bakin gado da yadin a cinyarta. Jan layi ya bi shi tun daga wannan baki har wancan, ɗigo bayan ɗigo.

Ban tsaya sa takalmi ba. Na karɓi yadin na hau bene. Kafili yana falo yana shirin fita, uwargida tana gefe. Ban taɓa shiga falon nan ba tare da tsintsiya ko tire a hannu ba. Na warware yadin a gabansu na ce, "Ya ammi, ka san mene ne wannan?"

Ya ce yadi ne.

"Likkafanin uwata ne. Da zamzam ta wanke shi. Dubi abin da rufinka ya yi masa."

Uwargida ta dafe ƙirji ta yi salati. Shi kuwa ya ce ma'alesh, wato ba komai, za a sayo wani a Sharafiyya, yadi ba ya ƙarewa a kasuwa. Ya ƙara da cewa ai ya hana shanya a ɗakin.

Na ce, "Kai ka nuna mana da kofi. Kai ka ce maganinsa biyu. Ka yi wa mota duka biyun, mu ka toshe mana ɗayan da muke da shi. Motar tana tari ne? Tana salla a kan jiƙaƙƙiyar tabarma?"

Larabcin yana karyewa, rabi ma da Hausa na faɗa. Ya ɗauki makullinsa ya ce wa matarsa, ba ni ba, ta gaya wa ma'aikaciyarta ta san da wanda take magana. Ya ce bayan salla zai duba. Ya fita.

Inna ba ta karɓi sabon yadi ba. Uwargida ta aiko da shi a ranar, mai kyau, ya fi nata tsada, Inna ta ce a mayar da shi da godiya. Ta ce nata ta jiƙa da hannunta, da kuɗin gyaɗarta ta saya, kuma ƙasa ba za ta tambaye ta launinsa ba. Mun wanke, jan ya dushe amma bai fita ba. Da shi ta koma Damagaram, kuma da lokacinta ya yi a cikinsa aka sa ta. Ita ta yafe tun a ranar. Ni ce ban iya ba.

Da maigidana ya ji abin da na yi a falo, ya zauna ya riƙe kai. Ya ce yau kam sai jirgi, gida za a kora mu. Amma da ya ga yadin sai ya miƙe. Ya je Khumra ya gaya wa wansa. Yaya, haka nake kiran wan nasa, ya ce a sitonsu kullum ana zubar da farin abin nan mara nauyi da ake kare firji da shi a cikin kwali, fallin ake ce masa, har tudu yake yi a bayan gini. Ranar Juma'a sai ga su a motar ɗaukar kaya ta wani abokinsa ɗan Chadi, an labto fallin da kwalaye da 'yan sandunan katako.

Da azumi a bakinsu suka yi aikin. Ba wanda ya taɓa yin irinsa a cikinsu, abin da muhandis ya faɗa a gaban kofi shi muka bi. Karon farko ba mu dace ba. Sun jera fallin ɗin sun bar 'yan tsaguna a tsakani, iska ta bi ta nan ta sami kwano, ruwa ya taru a bayansa ya riƙa zubowa ta mahaɗa, wuri ɗaya, kamar famfo. Juma'ar da ta biyo suka sauke duka. Suka kankare tsatsar ƙarafan suka shafa fenti, suka yanka fallin daidai kowane gurbi suka matse shi jikin kwano, ni kuma ina bin mahaɗa da faffaɗan salatif ina liƙewa, Inna tana miƙo mini daga ƙasa. Daga ƙarshe Yaya ya ɗauki guduma da kurfi ya ce saura hanyar iska. Maigidana ya ce bangon mutane ne. Na ce, "Yaya, fasa." Ya cire bulo biyu a can sama ta bayan ɗakin, muka sa ragar sauro.

Ƙarar gudumar ce ta sauko da kafili. Ya tsaya a ƙofar ɗakinmu, karo na farko tun zuwanmu, ya ce wa ya ba mu izinin fasa masa gini. Maigidana ya fara ba da haƙuri. Na ce, "Kai ka ce sai iska ta sami hanyar fita daga sama, ya ammi." Ya shigo, ya dubi ramin, ya dubi rufin, ya sa yatsa ya danna fallin ɗin. Ya ce abin nan yana kama wuta, kada in kuskura in kunna risho a ƙarƙashinsa, a rufe shi da allo. Gaskiya ya faɗa, kuma mun rufe daga baya da allunan da Yaya ya samo. Amma ko ƙusa ɗaya ba ta fito daga hannunsa ba. Ya juya ya hau sama.

Washegari na farka na shafa fuskata, a bushe. Na shafa bargon Inna, a bushe. Ƙarfe ɗaya ne na tsakiya, wanda ba mu iya rufewa duka ba, ya ci gaba da ɗan gumi idan sanyi ya yi yawa, na naɗe shi da tsohon tawul. Tuwon Juma'a kuma na koma yinsa a waje, bayan ɗaki, ba wanda ya ce mini kanzil.

Bayan salla da 'yan makonni, Inna ta riga ta tafi, wani maƙwabcin kafili ya zo masa da kuka, cewa ɗakin direbansa yana zubar da ruwa, direban har ya kwanta ciwon ƙirji. Ina shara a tsakar gida sai na ga kafili ya taho da shi, ya tura ƙofar ɗakinmu ba sallama, ya nuna masa rufin. Na ji da kunnena yana cewa, "Ka ga yadda na sa aka yi wa nawa. Abu ne mai sauƙi. Waɗannan amana ne a hannunmu, sai mun ji tsoron Allah a kansu." Maƙwabcin yana gyaɗa kai yana sa masa albarka. Sannan kafili ya waiwayo ya ce, "Yalla, maza kawo mana gahawa."

Na kawo. Na zuba musu, na tsaya da butar a hannu har suka sha suka ƙoshi, kamar yadda aka koya mini. Maigidana yana goge mota, bai ɗago kai ba, amma na ga yadda yake murza tsumman a wuri ɗaya.

Maƙwabcin bai gyara ɗakin direbansa ba. Da direban ya sami sauƙi, wani dattijo ne ɗan Sudan, shi ya zo da kansa ya tambayi maigidana inda ake samun fallin. Juma'ar da ta zagayo suka tafi Khumra tare, ni kuma na ba shi ragowar salatif ɗin da ya rage mana.